Tataccen Amo da Amo Mai Gurnani: Darasi Daga Amfilifayar Jita Ga Ɗalibin Harshe

1.0 Gabatarwa

A zangon karatun da ya gabata wani abokin karatunmu ya tafi wani ƙauye da ke bayan garin Bauchi domin ya naɗo waƙoƙin wani dattijo mai garaya, waɗanda zai yi nazari a kansu a kundinsa na kammala digiri. Ya biya kuɗin mota, ya yi wa dattijon alheri, ya kwana biyu a can. Da ya dawo muka zauna sauraro, sai muka tarar rabin baitocin ba sa jiwuwa. Duk inda dattijon ya ɗaga murya sai sautin ya tsage, kamar ana keta sabon yadi. Abokin namu ya ɗora laifin a kan garayar, wai ita ce mai yawan zuza. Amma da aka saurara da kyau sai aka gane garaya ba ta da laifi. Zuzar da take yi tata ce, da ita aka san ta. Tsagewar kuwa daga wayarsa ta fito, domin ya kanga ta dab da bakin mawaƙin, sautin ya fi ƙarfinta. Kafin ya sami sukunin komawa damina ta sauka, dattijon ya koma gona, lokacin miƙa kundi kuma ya ƙarato.

Abin da ya sami wannan ɗan'uwa yana iya samun kowanenmu, domin kusan duk ɗalibin Hausa sai ya naɗi murya kafin ya gama karatu, ko ta mawaƙi, ko ta mai tatsuniya, ko ta mai wani karin harshe. Ke nan wajibi ne mu iya bambance kaushin da ke jikin sauti tun asali da kaushin da na'ura ta jawo masa. Na'urar da ta fi nuna wannan bambanci a fili ita ce amfilifayar jita, saboda an ƙera ta da maɓallin da aikinsa shi ne ya gurɓata sauti da gangan. Wannan maƙala za ta bayyana yadda amfilifayar ke fitar da tataccen amo da amo mai gurnani, da yadda ake gwada su a naɗe su, da kalmomin da Hausa ta tanada domin siffanta su, sannan darasin da mai binciken harshe zai ɗauka.

2.0 Abubuwa Uku da ke Cikin Kowane Amo

Kowane amo da kunne ke ji, na mutum ne ko na abin kiɗa, yana ɗauke da abubuwa uku.

Na farko shi ne kari, wato hawa da saukar amo. Wannan mun san shi a darasin tsarin sauti, shi ne ya raba kuka na hawaye da kuka ta miya. Yawan kaɗawar abu a cikin daƙiƙa ɗaya ne ke haifar da shi. A jita mai tsirkiya shida da aka ɗaure bisa ƙa'ida, tsirkiya mafi kauri tana kaɗawa kimanin sau 82 a daƙiƙa, mai bi mata sau 110, mafi siranta kuma kimanin sau 330. Ma'aunin wannan kaɗawa shi ake rubutawa Hz. Kunnen matashi mai lafiya yana jin abin da ya kama daga 20 zuwa 20,000.

Na biyu shi ne ƙarfi, wato bambancin raɗa da ihu. Ana auna shi da desibel.

Na uku shi ne abin da za mu kira ɗanɗanon amo. Shi ne ke sa ka bambance muryar mahaifiyarka da ta gwaggonka ko da kalma ɗaya suka faɗa da kari ɗaya da ƙarfi ɗaya. Dalili kuwa shi ne, tsirkiya ko tantanin maƙwallato ba kaɗawa ɗaya tak suke yi ba. Tsirkiyar da ke kaɗawa sau 110 tana fitar da wasu ƙananan amo a kan 220 da 330 da 440 da 550, haka har sama. Bari mu kira 110 ɗin uwar amo, sauran kuma 'ya'yan amo. Uwa ce ke ba da kari, yawan 'ya'ya da ƙarfin kowannensu kuma su ke ba da ɗanɗano. Hasali ma da wannan ne wasula suka bambanta. Idan ka ja /a/ da /i/ da /u/ a kan kari ɗaya, uwar amo ba ta sauya ba, siffar baki da matsayin harshe ne ke ƙarfafa wasu 'ya'yan su danne wasu.

A nan akwai wani tarko ga mai fassara. Turawa kalma ɗaya suke amfani da ita, wato tone, a wurare biyu. Idan malamin harshe ya faɗe ta, karin sauti yake nufi. Idan mai jita ya faɗe ta, ɗanɗanon amo yake nufi. Duk wanda ya fassara ta mai jita da "karin sauti" ya ɓatar da mai karatu.

3.0 Yadda Amfilifaya ke Aiki

Jitar lantarki ita kaɗai ba ta da wata ƙara, domin gangar jikinta katako ne curarre, ba ta da ƙoƙo irin na gurmi ko garaya. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta na ƙarfe akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Idan tsirkiya ta kaɗa sai ta haifar da ɗan ƙanƙanin lantarki mai hawa da sauka daidai da kaɗawarta. Waya ce ke kai wannan lantarki cikin amfilifaya, inda yake bi ta matakai biyu. Matakin farko yana ɗaga shi ya gyara masa ɗanɗano. Mataki na biyu yana ba shi ƙarfin da zai iya tura lasifika gaba da baya, ita kuma ta tura iska zuwa kunne. A fuskar akasarin amfilifayoyi za a ga maɓallin murɗawa da aka rubuta wa Gain, shi ke ƙayyade yawan abin da ake ɗura wa matakin farko, da wani da aka rubuta wa Master ko Volume, shi ke ƙayyade ƙarar da za ta fito.

3.1 Tataccen Amo

Kowane mataki yana da iyakar abin da zai iya ɗauka. Muddin lantarkin da ke shiga bai kai wannan iyaka ba, abin da ya shiga shi zai fito, sai dai ya ƙara girma. Wannan shi ne tataccen amo. Alamominsa uku ne: kowace tsirkiya ana jin ta daban ko da an kaɗa shida tare, idan aka taɓa a hankali amo ya fito a hankali, idan aka fizga ya fito da ƙarfi, sannan amon yana tashi da sauri ya dusashe da sauri. Amfilifayar Twin Reverb ta kamfanin Fender da JC-120 wadda kamfanin Roland na Japan ya fitar a 1975 sun yi suna a wannan fanni.

3.2 Amo Mai Gurnani

Idan aka murɗa Gain sama har abin da ke shiga ya wuce iyaka, sai ƙololuwar kowane hawa ta yanke. Ka ɗauki misalin mai awo a kasuwar Muda Lawal. Ya cika mudu da gero har ya yi tudu, sai wani ya sa tafin hannu ya shafe tudun. Komai yawan geron da aka ƙara zubawa, bakin mudu ne iyaka. Haka zanen amo yake komawa: maimakon tuddai masu lanƙwasa, sai a ga tuddai masu shafaffen kai.

Wannan yankewa tana haifar da sababbin 'ya'yan amo waɗanda babu su a tsirkiya. Idan an yanke sama da ƙasa daidai wa daida, 'ya'yan da ke ƙaruwa su ne na uku da na biyar da na bakwai, wato 330 da 550 da 770 idan uwa 110 ce. Uwar ba ta sauya ba, saboda haka kari yana nan, ɗanɗano ne ya koma mai kaushi. Bugu da ƙari, tazarar da ke tsakanin taɓawa a hankali da fizga tana raguwa, amon kuma yana daɗewa kafin ya mutu, har ya riƙa ja kamar na goge. Idan aka kaɗa tsirkiyoyi da yawa tare sai amonsu ya cakuɗe ya haifi wasu amo na daban, shi ya sa masu son gurnani kan taƙaita a kan tsirkiya biyu ko uku.

Yankewar ma iri biyu ce. Tsofaffin amfilifayoyi masu aiki da bututun gilashi mai kama da ƙwan lantarki a hankali suke lanƙwasa ƙololuwar, sai kaushin ya fito da gardi. Taransista, wadda aka ƙirƙiro a 1947, idan ba a yi mata wata dabara ba datsewa take yi kamar da almakashi, sai amon ya yi tsauri a kunne. Lasifikar jita kanta ba ta fitar da abin da ya wuce kimanin 5,000 sosai, wannan ne ke tace mafi munin kaushin.

4.0 Daga Lalacewa Zuwa Ado

Injiniyoyin farko ɗaukar gurnani suke yi a matsayin aibi, duk ƙoƙarinsu shi ne su kawar da shi. Makaɗa ne suka mayar da shi ado. A 1951, a birnin Memfis na Amurka, ƙungiyar Ike Turner ta je naɗar waƙar "Rocket 88" da amfilifayar da ta sami matsala a lasifika. Mai ɗakin naɗar, Sam Phillips, ya ji amon ya yi masa daɗi, aka bar shi haka. A 1958 Link Wray ya huda lasifikarsa da gangan domin ya sami irin wannan amo. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar The Kinks a Ingila ya tsaga tasa da reza. Da 'yan kasuwa suka ga abin ya karɓu sai suka shiga ƙera na'urorin da za su ba da gurnani ba tare da an lalata komai ba. A 1962 kamfanin Gibson ya fitar da ɗan akwatin da ake takawa da ƙafa mai suna Maestro Fuzz-Tone, a wannan shekarar ce kuma Jim Marshall ya fara ƙera amfilifayoyinsa a Landan, waɗanda Jimi Hendrix ya shahara da su daga baya.

Darasin da ke nan shi ne, abin da ake kira kuskure da abin da ake kira salo wani lokaci abu ɗaya ne, niyya da karɓuwa ne ke raba su. Ɗalibin da ya karanta yadda mawaƙi ke karya ƙa'idar nahawu domin ya daidaita kari ko amsa-amo ba zai yi mamakin wannan ba.

5.0 Kunnen Bahaushe da Gurnani

Abin da Turawa suka gano ta hanyar tsautsayi, makaɗanmu sun daɗe suna neman sa da gangan. A kan wuyan garaya akan maƙala ɗan faifan ƙarfe mai zobba, wato ceba, domin duk kaɗawar tsirkiya ta zo da zuza. A kan fatar ganga akan gitta tsirkiya domin amon ya riƙa karkarwa. Duk wanda ya tsaya a ƙofar fadar Sarkin Bauchi ranar hawan salla ya ji algaita da kakaki ya san ba don laushi ake son su ba. Goge da kukuma kuwa gashin wutsiyar doki ne ke gugar ɗan'uwansa, kaushin yana cikin daɗinsu. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ya yi suna, ɗan abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake yi da gwangwanin kifi a rufe da fata, amonsa kuma mai kaifi ne. Ba Hausawa kaɗai ba ne. Masu balafon a Mali da Gini suna huda goran da ke ƙarƙashin katakon su liƙa siririn tantani domin ya yi zuza, a Kinshasa kuma ƙungiyar Konono No. 1 ta yi suna a duniya da gurnanin amfilifayoyin da ta haɗa da hannu.

Sai dai a lura, hanyar ba ɗaya ba ce. Ceba wani amo ne na daban da ake ɗorawa a kan na tsirkiya, amfilifaya kuwa amon tsirkiyar kansa take sauyawa. Inda suka haɗu shi ne a kunnen mai sauraro, wanda yake jin amo ya cika idan yana da ɗan kaushi.

A ƙasar Hausa ta Nijeriya jita ba ta yi ƙarfi kamar fiyano ba, wanda shi ne ƙashin bayan waƙoƙin finafinai, ko da yake irin su marigayi Bala Miller sun yi waƙoƙin Hausa da kayan kiɗan zamani. A nan Bauchi an fi jin jita a majami'u, musamman wajen Yelwa, kuma akasari tataccen amo suke so domin kada kiɗa ya danne baitin waƙa. Wanda ke son jin gurnani a kusa da gida sai ya waiwayi maƙwabtanmu Abzinawa. Ƙungiyar Tinariwen, wadda ta samo asali daga arewacin Mali, ita ta buɗe wannan hanya, ta kuma sami kyautar Grammy a 2012. A Agadas ta Jamhuriyar Nijar aka sami Bombino da Group Inerane da Etran de L'Aïr, waɗanda kiɗan biki ya raina. A wurin biki kuwa fili ne buɗaɗɗe, jama'a da yawa, amfilifaya ƙarama, dole a murɗa ta har ƙarshe.

Misali mafi amfani gare mu shi ne Mdou Moctar. A Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko mai suna Anar a 2008, cikin salon da ya yi kama da na waƙoƙin finafinan Hausa, waƙoƙin kuma suka yaɗu daga waya zuwa waya. Daga baya ya koma ga jita mai tsananin gurnani. A 2024 ya fitar da kundin Funeral for Justice da wannan amo, a 2025 kuma ya fitar da Tears of Injustice, inda ya sake rera waƙoƙin galibi da jitar da ba ta lantarki ba. Wanda ya saurari biyun a jere zai ji yadda saƙo ɗaya ke fitowa kamar faɗa a ɗaya, kamar makoki a ɗayan. Ke nan ɗanɗanon amo yana ɗauke da ma'ana, ba ado kawai ba ne.

6.0 Kalmomin Siffanta Amo

Hausa ba ta da ƙarancin kalmomi a wannan fage, rarraba su ne ba mu yi ba. Ga shawarar da wannan maƙala ke bayarwa, ƙofa kuma a buɗe take ga gyaran malamai da 'yan'uwa ɗalibai:

(a) Tataccen amo: wanda bai taɓa iyaka ba. Amsa-kamar da ke tafiya da shi su ne garau da tas, kamar a ce "jitar ta fito garau".

(b) Amo mai kaushi: wanda ya fara taɓa iyaka, sai an fizgi tsirkiya ake jin gurzarsa.

(c) Amo mai gurnani: wanda ya wuce iyaka sosai. An aro kalmar daga kare ko damisa, domin amo ne mai kauri da karkarwa.

(d) Amo mai ruri: matuƙar gurnani, inda amo ke ja ba ya yankewa, kamar rurin wuta ko na bijimi.

(e) Zuza: amon ƙudan zuma ko na ceba, da ƙarar lantarkin da ke biyo waya.

(f) Tsuwa: siririyar ƙarar nan mai huda kunne da ake ji idan makirufo ya fuskanci lasifika.

(g) Tsagewa ko fashewa: gurɓacewar da ba a nema ba, irin wadda muke ji kullum a lasifikar masu tallar magani a Wunti.

Abin lura shi ne yadda Hausa ke aron kalmomin wasu gaɓoɓi domin ta yi wa kunne bayani. Zaƙi da gardi na harshe ne, kaushi da laushi na hannu ne, kauri da siranta na ido ne, amma duk muna jingina su ga murya. Wannan kaɗai ya isa batun kundi a fannin ilimin ma'ana.

7.0 Yadda Ake Gwaji da Naɗa

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ana bukatar mai jita da amfilifayarsa, da makirufo, da rikoda ko kwamfuta, da abin sauraro na sawa a kunne. Makirufon da aka fi amfani da shi a wannan aiki a duniya shi ne Shure SM57, wanda ya fito tun 1965, domin yana jure ƙara. Idan babu shi, duk wanda ya samu zai yi. Ga matakan:

1. A zaɓi ɗaki mai labule da kafet ko katifa, domin bangon siminti tsirara yana mayar da amo. A kashe fanka. A guji lokacin kiran salla, da lokacin ruwan sama idan rufin kwano ne.

2. A saurari zuzar lantarki tun kafin a fara. Wutar Nijeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, maganaɗisun jita kuma yana ɗaukar ta, gurnani kuwa ninka ta yake yi. Sau da yawa idan mai jita ya ɗan juya inda yake fuskanta sai ta ragu. Idan da janareto ake aiki a nisanta shi. Idan aka taɓa tsirkiya aka ji lantarki yana ja, a dakata nan take, wannan haɗari ne ga rai.

3. A ajiye makirufo kimanin santimita 2 zuwa 5 daga ƙyallen da ya rufe lasifika. Tsakiyar lasifika ta fi kaifi, gefenta ya fi laushi. Duk inda aka zaɓa, kada a motsa shi har a gama.

4. A naɗa a tsarin WAV, a kan 44,100 ko 48,000, ba MP3 ba, domin MP3 yana zubar da wani ɓangare na sauti. Haka ma saƙon murya na WhatsApp.

5. A sa mai jita ya yi kaɗawarsa mafi ƙarfi, a daidaita rikoda yadda ma'auninta zai tsaya tsakanin -12 da -6. Sifili shi ne bakin mudu, ba a son a kai can.

6. A fara da faɗin kwanan wata da wuri da inda kowane maɓalli yake, domin bayanin ya zauna a cikin naɗin.

7. A zaɓi gajeren kiɗa ɗaya a maimaita shi sau huɗu: tatacce, mai kaushi, mai gurnani, mai ruri. Duk lokacin da aka ƙara Gain a rage Master, domin ƙarar ta zama ɗaya. Wannan sharaɗi ne babba, saboda kunne yakan ɗauka abin da ya fi ƙara shi ya fi daɗi.

8. A kowane mataki a kaɗa tsirkiya ɗaya a bar ta har ta mutu, a ƙirga daƙiƙoƙi, sannan a kaɗa shida tare a ji ko ana rarrabe su.

Bayan an gama sai a buɗe naɗin a manhajar Audacity ko Praat, dukansu kyauta ne. Praat dai Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam ne suka ƙirƙire ta domin masu ilimin furuci. A tataccen amo za a ga zane ya tashi tsaye sannan ya gangara, layukan 'ya'yan amo kuma 'yan kaɗan ne a ƙasa. A mai gurnani za a ga zane ya cika ya yi kauri kamar katako, layukan kuma sun hau sama bene-bene.

A kula da kunne, shi ne jarin ɗalibin harshe. Cibiyar nazarin lafiyar ma'aikata ta Amurka, wato NIOSH, ta ƙayyade awa 8 a rana ga ƙarar da ta kai desibel 85, duk ƙarin desibel 3 kuma yana raba lokacin biyu. Ke nan a desibel 100 minti 15 ne kacal, amfilifayar jita kuwa tana iya wuce haka.

8.0 Darasi Ga Mai Binciken Harshe

Yanzu sai mu koma ga abokinmu da dattijonsa. Wayarsa ma amfilifaya ce ƙarama mai iyaka, kuma yankewarta irin ta almakashi ce. Mai jita yana iya mayar da maɓalli baya ya koma tatacce, amma abin da rikoda ta datse ya tafi. Manhaja tana iya ɗinke 'yar ƙaramar tsagewa, ba ta iya dawo da baitin da ya fashe gaba ɗaya.

Ɓarnar kuwa a inda ta fi mana ciwo take sauka. Karin sauti yakan tsira, tunda uwar amo tana nan. Amma 'ya'yan ƙarya da tsagewa ke haifarwa a sama suke taruwa, inda zuzau irin su /s/ da /sh/ da /z/ suke zaune. Suna kuma dagula siffar wasula, su rufe ɗan abin da ya raba /k/ da /ƙ/, ko /b/ da /ɓ/. Mai nazarin karin harshen Bausanci ko Guddiranci da ya dogara da irin wannan naɗi yana iya rubuta abin da ba a faɗa ba.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ka saurari mai magana da kunnenka, sannan ka saurare shi ta abin sauraro. Kaushin da ke wuri biyun nasa ne, ka bar shi, ka kuma bayyana shi a nazarinka. Wanda ke cikin abin sauraro kaɗai naka ne, ka ja da baya ko ka rage ƙarfin rikoda. Ga mai magana, tazarar kamu ɗaya zuwa biyu daga baki ta wadatar, a ɗan karkace. Ga mawaƙi mai amshi da makaɗa, a ƙara nisa, a kusanci mai waƙa fiye da masu kalangu. A naɗi minti ɗaya na gwaji a saurara kafin a ci gaba, kuma a nemi izinin mutum kafin a naɗe shi.

Haka nan a yi hattara da tsofaffin waƙoƙi. Da yawa daga waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da na takwarorinsa sun iso wayoyinmu ne bayan an kwafe su daga kaset zuwa kaset, sannan aka matse su zuwa MP3. Kafin ɗalibi ya rubuta cewa wani mawaƙi yana da dasasshiyar murya, ya nemi naɗi fiye da ɗaya ya kwatanta, kada ya jingina wa mutum laifin na'ura.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa tataccen amo da mai gurnani daga tsirkiya ɗaya suke fitowa, iyakar amfilifaya ce ke raba su. Ta nuna cewa kaushi ba aibi ba ne idan mai kiɗa ne ya neme shi, kamar yadda garaya da ganga da jitar Agadas suka shaida, amma hasara ce idan mai naɗa ne ya jawo shi. Ta kuma kawo kalmomi bakwai da za a iya farawa da su wajen siffanta amo da Hausa.

Ga aikin gwaji ga mai sha'awa. Ka naɗi kanka kana faɗin "ƙaramin tsuntsu ya sha ruwa a ɓoye" sau biyu, na farko waya na nesa da baki kamu biyu, na biyu ka manna ta a baki ka ɗaga murya. Ka ba abokai uku su saurara su siffanta bambancin da Hausa zalla, ka rubuta duk kalma da amsa-kamar da suka yi amfani da su. Wanda ya sami kalmar da ta fi waɗanda aka kawo a nan dacewa, ya aiko wa wannan mujalla domin fitowa ta gaba. Allah ya ƙara mana basira, amin.